Ƙofar da na rufe ranar kasuwar Pitowa

A takarda ni ma'aikacin jinya ne. A ƙauyen da na yi aiki kuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe sirinji likita ne, don haka likita suke ce mini har gobe. Haifaffen Garwa ne ni, a arewacin Kamaru. Fatauci ya kawo kakana bakin Binuwai, ya ga wuri ya zauna. Na yi allo, na yi lakwal, wato boko, na tashi da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji.

Asibitinmu ƙarami ne, irin na gwamnati da ake ginawa a karkara: ɗakin duba marasa lafiya, ɗakin haihuwa, ɗakin magani, sai rumfar jira. Mu huɗu ne ma'aikata, kuma ni kaɗai ne Bahaushe. Matan unguwar Hausawa duk suna jin Fulatanci, amma ciwo da harshen uwa ake faɗinsa, sai su gwammace su zauna a benci har in gama da wasu. Tun da aka kawo shirin nan na takardar lafiya ta masu ciki a 2015, wanda mace ke biyan sefa 6,000 a yi mata awo, a karɓi haihuwa, a ci gaba da duba ta da jaririn har kwana 42, mata suka ƙaru sosai. Wadda ta saba da hanyar asibiti don awo, gobe za ta dawo da wata damuwar. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ina jin daɗin yadda suke nemana. Wannan jin daɗin yana cikin abin da ya rufe mini ido.

Ranar Lahadi kasuwar Pitowa, wani gari kusa da Garwa, ke ci. Tun da asuba mazan ƙauyen ke hawa babura da motocin kaya, gari ya zama na mata da yara da tsofaffi. A asibiti ma ranar ma'aikaci ɗaya ake bari. Wata Lahadi cikin zafin watan Maris, irin zafin da kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai, ina zaune ina fifita da kwali sai ga wata mata ta shigo da goyo. Na san ta. A hannunmu ta yi haihuwarta ta huɗu, ta zubar da jini har sai da muka ɗauko mota aka kai ta Garwa cikin dare. 'Ya'yan nan huɗu kwanika ce ta jera su, babban bai isa shiga lakwal ba.

Ta gaishe ni, ta yi shiru, ta dubi ƙofa. Sai ta ce, “Likita, in ba damuwa a tura ƙofar nan.”

Na tura. Har sakata na sa, don wata tsohuwa mai sayar da ƙuli a bakin rumfa ba ta da aiki sai leƙe.

Allurar tazarar haihuwa take so, ta wata uku. Ta ce ta gwada yi wa maigidan maganar sau ɗaya, ya ce kada ta sake. Ta ce, “Wallahi in na ƙara ɗaukar ciki bana, ban san ko zan tashi ba.” Ni ma na san haka, ni na riƙe ledar ruwa a motar nan. A horon da aka ba mu an ce mace baliga ita ke da ta cewa a jikinta, a ba ta shawara ta sanar da mijinta, amma kada a tona mata. Na yi mata tambayoyin da ake yi, na auna jininta, na yi mata bayanin cewa al'ada na iya rikicewa ko ta ɗauke, na yi allurar a dantse. Na rubuta a babbar rajistarmu ta tsarin iyali, na cire kwalba ɗaya a katin lissafin magani. Duk wannan daidai ne.

Sai ta miƙo karnenta, ɗan littafin nan na asibiti da kowa ke saya ya riƙe a gida. Ta ce maigidan yana da ƙane ɗan lakwal da ke karanta masa duk abin da aka rubuta. “Don Allah rubuta zazzaɓi.” Na ɗauki biro na rubuta zazzaɓin cizon sauro. Ban ko yi dogon tunani ba. A raina taimako nake yi.

Bayan wata uku ta dawo ranar Lahadi, na rufe ƙofa, na rubuta zazzaɓi. Bayan wasu ukun, haka. Mai ƙuli kuwa tana lissafi.

Ban ji komai ba sai wata Talata da safe, ina tsaka da yi wa yara rigakafi, wani jandarma ya tsaya da babur ya miƙo mini takardar sammaci a gaban iyaye mata kusan talatin. Kafin azahar babu gidan da labari bai shiga ba. Maigidan ya kai ƙara cewa ina keɓewa da matarsa a ɗaki in sa sakata, ranar da na san ba ya gari, kuma ina yi mata wata allura da ta hana ta haihuwa don in rufe abin da nake yi. An tsare ta a gida an tambaye ta, ga miji, ga uwar miji, ga yayyensa. Abin da ta ce shi ne, “Shi ke rufe ƙofar. Ni ban san abin da yake sa mini ba.”

Na daɗe ina juya maganar nan. Da farko na tsane ta. Daga baya na sa kaina a tsakar gidan nan, yarinya 'yar ashirin da wani abu, mutum shida a kanta, igiyar aurenta a hannun mai tambayar. Rabin maganarta ma gaskiya ce, ai ni na sa sakatar.

Kwamandan jandarmomin bai wulaƙanta ni ba, kuma ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ajiye karnen a kan tebur ya buɗe shafi uku. Ya ce, zazzaɓi sau uku, kowanne ranar Lahadi, kowanne wata uku cif tsakani. Ina sakamakon gwajin jini? Babu. Ina maganin da ka rubuta mata? Babu. Ina rasit? Ya ce, “To wane irin sauro ne wannan mai kalanda?” Yaransa suka yi dariya. Ni ban yi ba. Rubutun hannuna ne, da hatimina a ƙasa. Ƙaryar da na yi don in rufa wa mace asiri ita ce babbar hujjar mai ƙara.

Amsar tana bakina, kalma uku ce. Amma sashe na 310 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya hana ma'aikaci fitar da sirrin da aka ba shi saboda aikinsa, hukuncinsa na iya kai wa shekara uku a gidan kaso. Ko ba doka ma, maigidan yana zaune a benci a waje, kuma na san abin da zai faru a gidan nan da daren ranar in na buɗe baki. Gaba kura, baya siyaki. Na ce wa kwamanda akwai bayani, amma ba zan yi shi ba sai gaban likitan da ke shugabantar gundumarmu ta lafiya. Ya ce doka ta ba shi awa 48, ana kuma iya ƙarawa. Na cire takalmi da bel na miƙa.

Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya fi damuna ba sauron ɗakin ba ne, mahaifiyata ce. Ƙanena ya kawo mini kunu ya ce Inna ta ce in gaya mata kalma ɗaya, na yi ko ban yi ba. Na ce ka ce mata ban yi ba. Ya ce ta ce in haka ne in ci abinci.

Washegari likitan gunduma ya zo da kansa, shugaban asibitinmu na biye da shi ɗauke da rajista da katin magani a cikin leda. Suka shiga ofis da kwamanda su uku, aka rufe. A rajista ga ranaku uku, sun yi daidai da na karne. A katin magani ga kwalba uku da suka fita a ranakun, kuma lissafin da ake aikawa gunduma duk ƙarshen wata ya riga ya tafi tun kafin a yi ƙara, ba yadda za a ce na gyara shi daga baya. Da la'asar aka sake ni.

Na ɗauka magana ta ƙare. A mota likitan ya juyo ya ce mini da Faransanci, a hankali, takarda ta nuna ka yi allura. Ba ta nuna abin da ba ka yi ba. Minti goma sha biyar da sakata, wa zai shaide ka a kansu? Ban amsa ba, don babu kowa. Mu biyu ne a ɗakin sai jariri. Kwana uku bayan nan aka miƙo mini takardar neman bayani a kan rubutun ƙarya a karne, kuma ta cancance ni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

An sake ni a ofis, ba a sake ni a gari ba. Su kwamanda sun san gaskiya amma ba su da ikon faɗa, ni ma haka. Abin da mutane suka gani shi ne manya sun zo da mota sun fitar da nasu. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Bencin matan Hausawa ya zama wayam. Matata ta je suna, tana shiga aka yi tsit, ta ajiye sabulunta ta fito. Da dare ta ce mini, “Malam, ni ban zarge ka ba. Amma me ya kai ka sa sakata?” A masallaci wanda ya saba tsayawa kusa da ni ya koma ɗaya gefen sahu. Yarinyar kuma an kai ta gidan iyayenta da saki ɗaya.

Wadda ta warware abin ba ma'aikaciya ba ce, ba ta taɓa riƙe biro ba. Gwaggon yarinyar ce, ƙanwar ubanta, ashe ita ta ba ta shawarar allurar tun ranar da aka dawo da ita daga Garwa kamar gawa. Da ta ga aure ya mutu kuma ana jifan ɗiyarsu da abin da ya fi allura muni, sai ta yafa mayafi ta tafi ƙofar Sarkin Hausawa. Aka kira ni, aka kira maigidan da wansa, da liman, a zaure, bayan isha'i, ba taro. Tsohuwar ta ce, “Ranka ya daɗe, ni na aike ta. In laifi ne a kama ni. Yarinya ta kusa mutuwa a kan gwiwa, shi yana Pitowa yana cinikin albasa.” Aka aika aka tambayi yarinyar ta bakin matar Sarki, su biyu kawai, ba namiji a wurin. Ta faɗi yadda aka yi daga farko har ƙarshe, har da roƙon da ta yi a rubuta zazzaɓi.

Liman bai ce kowa ya yi daidai ba. Ya ce wa maigidan hujja a kan mai da'awa take, zato ba hujja ba ne, kuma mutuncin matarsa ya fara zubarwa kafin nawa. Sannan ya juyo kaina. Ya kawo labarin daren da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rako matarsa Safiyya daga masallaci, wasu mutum biyu suka gan su suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya gaya musu Safiyya ce. Ya ce, “Wanda ba a zarginsa ya toshe ƙofar zato. Kai wane ne da za ka sa sakata ka ce a kyautata maka zato?” Na sunkuyar da kai.

Maigidan ya je ya janye ƙara. Bai ba ni haƙuri da baki ba. Buhun albasa ya aiko, na karɓa.

Abokan aikina sun matsa in rama. Wani ɗan ajinmu da ke aiki a kotu a Garwa ya buɗe mini kundin laifuffukan na 2016 ya nuna mini sashe na 304: wanda ya kai wa hukuma ƙarar ƙarya da za ta iya jawo wa mutum shari'a ko horo a wurin aiki, wata shida zuwa shekara biyar. Ya ce ka shigar, ko don na baya. Na kwana biyu ina sha'awar abin, ba zan ɓoye ba. Amma wa za a kira shaida? Ita. A gaban alƙali, a buɗe, a karanta rajista. Kuma mutumin bai ƙirƙiri sakatar ba, bai ƙirƙiri zazzaɓi uku ba. Da ni ne aka kawo wa labarin nan a kan tawa matar, ban san iya inda zan tsaya ba. Na bar shi.

A nan zan ɗan ratse, don na san akwai 'yan'uwa masu farar riga da za su karanta wannan su ce ka gani, mata sharri gare su. A'a. A shekarun da na yi ina aikin nan na san wanda aka yi ƙararsa kuma gaskiya ne, na kuma san waɗanda ya kamata a yi ƙararsu ba a yi ba, don yarinyar ta san ba wanda zai yarda da ita a kan likita. Rufaffen ɗakin da ya hana ni shaida shi ne yake hana su. Duk mai neman a kare ma'aikaci ta hanyar toshe bakin mai ƙara, ba da ni ba.

Da kwamitin lafiya na ƙauyen ya zauna, shugabanmu ya sa kafinta ya cire sakatar ɗakin dubawa a gaban kowa. Aka rataya labule mai kauri a ciki, ƙofa kuma ta koma a turo kawai. Aka nemi wata tsohuwar unguwarzoma, wadda rabin garin a hannunta aka haife su, aka ajiye mata kujera a bayan labulen, kwamiti yana ba ta ɗan abin goro daga kuɗin asibiti. Ta yi rantsuwa a gaban liman cewa abin da ta ji a ɗakin a ɗakin zai kwana. Duk macen da zan duba, kafin ta zauna nake tambayarta, ga Iya nan, ko kin fi son ma'aikaciyarmu, ko kin zo da wadda kika yarda da ita? Sunan wadda ta zauna yana shiga rajista kusa da na marar lafiya, da lokacin shiga da na fita. Yaro ko yarinya kuwa ba na dubawa sai da babba. A karne ban ƙara rubuta ciwon da babu ba. In abu na sirri ne, sai in sa kwanan wata da lambar rajista da ranar dawowa, shi ke nan, mai karatu ya karanta. Ko sisi aka biya, rasit. Muka kuma roƙi gunduma cewa in ƙorafi ya zo a kan ɗayanmu, a fara jin mace ita kaɗai ta bakin mace, a ɗauke rajistar ranar a kulle kafin kowa ya taɓa ta, sannan a ji ma'aikaci.

Wani matashi da aka turo mana daga baya ya ce duk wannan wahala ce, ya fi sauƙi ya kunna wayarsa ta riƙa ɗaukar murya a aljihu. Na ce masa ranar da wayar ta faɗi a kan kalando, babur na haya, ko ƙanenka ya ɗauka zai kalli ƙwallo, sirrin matan gari guda ya shiga WhatsApp. Ka tsere wa ƙara ɗaya ka faɗa wadda ba ka da amsarta.

Tela da ke gwada mata a shago, malamin da ke bin gidaje yana koya wa 'yanmata darasi da yamma, har mai tura kuɗi ta waya da ke ƙirga kuɗin tsoho su biyu, tun da abin ya same ni sukan tsayar da ni a hanya su tambaya. Telan unguwarmu yanzu ƙanwarsa ke riƙe tef, shi yana rubuta lamba.

Yarinyar ta koma ɗakinta kafin idda ta cika. Sai da ta huta shekara biyu da wani abu kafin ta sake haihuwa, lafiya lau, a hannun ma'aikaciyarmu. Ranar da ta kawo jaririn rigakafi maigidan ne ya sauke ta a babur. Ta gaishe ni kanta a ƙasa, na amsa, na ɗiga wa yaro maganin shan inna. Ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Bencin ya sake cika, amma ba kamar da ba, kuma akwai waɗanda na san dalilin rashin zuwansu. Iya amintacciya ce, sai dai ta san kakar kowa da surukar kowa. Wata Lahadi cikin damina wata ƙaramar amarya ta shigo, hijabi har ƙasa, ta zauna a bakin kujera. Ta dubi labule, ta ga ƙafafun Iya a ƙasansa da carbi yana motsi. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Likita, ba za a iya cewa ta ɗan fita ba?”

Na ce ba za a iya ba, amma in ta dawo Laraba akwai ma'aikaciya mace, baƙuwa ce daga kudu, ba ta san kowa a garin ba, su biyu za su zauna. Ta ce Laraba yana gida. Na ce to ki faɗa mini a hankali, Iya kunnenta ya yi nauyi. Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ce kanta ne ke ciwo. Na auna ta, ba zazzaɓi. Na rubuta mata farasitamol, na ba ta rasit, na rubuta lokacin fita. Ta tsaya a rumfa har ruwan ya tsagaita, sannan ta bi ta bayan gonar auduga. Na duba rajistar Laraba, da ta Larabar sama. Ba sunanta.